Ƙanwar Direba

Tarihi nake koyarwa a wata kwalejin horon malamai a garinmu, kuma duk cikin darussana babu wanda ke cika aji kamar na auren Turawan Ingila na da, wajen shekara ɗari huɗu baya. Ba son ilimi ke kawo ɗaliban ba, dariya suke zuwa sha. Nakan ba su labarin yadda yaro ko yarinya da sun tasa ake tura su barantaka gidan wani, su ci a tukunyarsa, su kwana a gidansa, kuma muddin tuwon maigida kake ci ba ka da bakin zancen aure. Mai koyon sana'a an hana shi ƙiri-ƙiri sai ya cika wa'adinsa. Bara kuwa in ya yi aure, sau da yawa ya yi sallama da aikinsa ke nan. Haka za su yi ta zama suna kallon juna ta kan shinge, har su doshi talatin, suna jiran ranar da za su samu murhun kansu.

Waɗanda haƙuri ya gaza musu sai su yi na ɓoye. A lokacin baki kaɗai yana ƙulla aure a wurinsu: namiji ya kama hannun mace a bayan rumbu ko a ɗakin girki, ya ce ya ɗauke ta matarsa, ita ma ta faɗa, magana ta zauna ko da babu limamin coci a wurin. To, in tsoron maigida ya kama namijin, sai ya ce shi bai san zancen ba. Mace ta kwashi ƙafa, wata da ciki wata da goyo, ta tafi kotun coci tana neman wanda ya ji. Alƙalai su zauna suna tankaɗe da rairaya: cewa ya yi "na ɗauke ki" ko "zan ɗauke ki"? A nan aji ke ɓarkewa. Ni kuma in gyara mayafi in ce musu su gode wa Allah da ya yi su Hausawa. Mu namu auren a ƙofar gida ake ɗaura shi da rana tsaka, a raba goro da alawa, maroƙi ya kwarara shela har kurman unguwa ya ji. Ina namijin da zai iya musun wannan? Da bakina nake faɗar haka, shekara da shekaru, ina jin kaina.

Nawa auren ma haka aka ɗaura shi, har da rumfa da kujerun haya. Maigidana mutum ne mai sanyin hali, ya yi karatun akanta, aiki ya ƙi samuwa. 'Yarmu tana goye ya samu hanyar Riyad, direban gida a wurin wani ɗan kasuwa. Ya ce shekara biyu zai yi. Yarinyar ta yi haƙori, ta yi tafiya, ta shiga makaranta, ta famfare haƙoran, sau biyu kacal ya zo hutu. Sauran rayuwar aurenmu a waya muka yi ta. Ban taɓa ƙorafi ba, don na san abin da muke ci daga ina yake fitowa. Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba: in yana cikin mota ko a harabar gidan ba ya ɗaukar wayata, sai ya shiga ɗakinsa ya turo ƙofa.

Da Allah ya nufe ni da umara, na bar yarinyar wurin mahaifiyata, muka tafi da wasu malamai 'yan'uwana mata. Da muka gama ibada su suka tsaya sayayya, ni na hau bas zuwa Riyad, zan yi 'yan makonni kusa da mijina. Na sha lalle har gwiwar hannu. Na ɗauko masa kilishi da yajin daddawa da hoton 'yarsa cikin kayan makaranta. Tun daga hanya nake ta shirya fuskar da zan yi in na gan shi, kamar wata sabuwar amarya, ni da na haura talatin.

A tashar bas ta Aziziya ya tarye ni, cikin farar jallabiya, ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Na ji ƙwalla ta taru mini. Ya karɓi jakata, muka nufi wata doguwar mota baƙa. Na kai hannu ƙofar gaba, sai ya yi sauri ya buɗe mini ta baya.

"Shiga nan," ya ce. "Nan garin ido ya yi yawa."

Na shiga. Muka bi ta gefen kasuwar kayan gwari, manyan motoci suna sauke kwalayen tumatir da lemo, ina kallon ƙeyarsa. Can ya yi gyaran murya ya ce akwai wata 'yar magana. Wai ranar da ya fara aiki matar gidan ta ce su ba sa son direba mai iyali, wanda ya gabace shi kullum cikin neman hutu yake, yau mata ba lafiya gobe an yi haihuwa. Da aka tambaye shi, shi kuma ga bashin hanya a wuyansa, sai ya ce ba shi da mata. Daga nan bai sake samun bakin gyarawa ba. Yau kuma da zai nemi izinin mota, sai ya ce ƙanwarsa ce ta zo.

"Malam, me ka ce?"

"Magana ce ta fatar baki. Ke kin san matsayinki, ni na sani, Allah ya sani."

Raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa ji ba, amma na ce wa kaina baƙuwa ce ni, kwana nawa ne, kada in zo in zubar masa da tukunya.

Ɗakinsa wani ɗan akurki ne a jikin katangar gidan, ƙofarsa tana kallon titi, ba wurin da za a kai mace ba ne. Don haka ya sauke ni a unguwar Suwaidi, gidan wata gwaggonsa ta nesa da ta yi shekara talatin a ƙasar. Hajiya mace ce mai faɗa da raha a haɗe, ta san komai, ta kuma gaya masa tun tuni cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci yake samun sararin zuwa. Ya yi sallama, ya zauna a falo a takure, ni in fito da shayi, sai ka ce zance ya zo. Hajiya ta yafa abayarta ta ce za ta dubo wata maƙwabciya, ba za ta dawo da wuri ba, tana faɗa tana hararar silin. Ko a hakan wayarsa tana kan cinyarsa. Da ta yi ƙara zai miƙe tsaye, a falon da babu mai ganinsa, yana cewa "Na'am, madam."

Da abin ya tsaya nan da na haɗiye. Sai ga saƙo daga tsohuwar gidan, mahaifiyar kafil ɗinsa, wato ubangidan da takardar zamansa ke hannunsa. Wai ta ji ƙanwar direba ta zo daga ƙasa mai nisa, ba zai yiwu ta koma ba ta sha gahawarta ba. Suna da gonar dabino a bakin kwari wajen Dir'iyya inda suke zuwa shan iska, can za a kai ni. Na ce ba inda za ni. Ya yi ta magiya, ya ce ƙin zuwa shi zai jawo tambaya. Hajiya ta ce in je in ga inda ƙarfin mijina ke ƙarewa, gani ya kori ji.

Gaskiya ɗaya ce, tsohuwar nan mutuniyar kirki ce, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi, don na so in samu wanda zan tsana. 'Yar ƙarama ce, hannunta duk jijiya, ta zaunar da ni kusa da ita a kan darduma, ta yi ta tura mini dabino da wata gahawa mai ɗaci a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Larabcina na Islamiyya ne, na littafi, nasu kuma gudu yake kamar an kore shi. Sai ta sa aka kira mai kula da gonar ya yi mana tafinta. Wani dattijo ne mutumin Damagaram, dogo, baƙi, mai tsabta, ya tsaya daga bakin rumfa ya ba mu gefe, idonsa a ƙasa. Ya gaishe ni da Hausa mai daɗi, ya tambayi mutanen gida da gajiyar hanya. Tsohuwa ta tambayi aikina, ya faɗa mata. Ta ɗaga hannuna tana yaba lallen.

Ana cikin haka maigidana ya shigo da kwalin ruwa a kafaɗa. Tsohuwa ta kira shi, ta nuna ni, ta yi masa tambaya. Wannan kam ban nemi tafinta ba, kalmar aure ko a wane Larabci na san ta. Tambayarsa take ko ƙanwar tasa tana da miji. Na ɗago na dube shi. Ga hanya Allah ya buɗe masa, ko da rabin gaskiya ce. Ya sauke kwalin, ya yi wata 'yar dariya da ban san shi da ita ba, ya ce, "Lissa." Tsohuwa ta tafa hannu tana jinjina kai, ta ce wani abu da ya sa matan gidan da ke zaune tare da mu dariya, dattijon nan kuma ya ƙara sunkuyar da kai bai fassara ba.

Ban san kalmar ba. Na riƙe ta a baki har Suwaidi, ko mayafi ban cire ba na tambayi Hajiya.

"Lissa? Tukuna ke nan. Wa ya ce miki lissa?"

Na gaya mata. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta yi salati.

Tukuna! Ni da aka kai ni ɗakinsa da guɗa, na yi wankan jego a gidan uwarsa, na yi jinyar ubansa har ya cika a hannuna, ni ce ban yi aure ba tukuna. To in ban yi aure ba, yarinyar da na baro a gida mai kama da shi har yatsun ƙafa, 'yar wace ce, kuma da wane suna za a kira ta? Abin da ya tsaya mini a wuya ke nan. Na tuna matan can na Ingila da nake sa aji yi wa dariya, masu yawo da goyo suna neman wanda ya ji. Ni shaiduna sun fi ɗari, sun ci goro sun sha lemo, amma duk suna can bayan teku, babu ko ɗaya da zai amfane ni a gonar dabino. Ashe ba rashin maroƙi ne ya ci matan nan ba. Namiji ne da abincinsa ke hannun wani namijin.

Da maigidana ya zo ran Juma'a ban kawo shayi ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce ruɗewa ya yi, in ya ce ina da miji za a tambayi waye, yana ina, me ya sa ya bar ni na taho ni kaɗai, ƙarya ta yi ta haihuwa. Wai har da kawo mini hujja, cewa ai akwai Annabin Allah da ya taɓa kiran matarsa 'yar'uwarsa a gaban wani sarki.

Na ce, "Shi takobi ya gani. Kai me ka gani, makullin mota?"

"Ba ki san ƙasar nan ba. In suka sallame ni, me za ku ci?"

"Ka tambaye su? Tsohuwar da na gani da idona ce za ta kore ka don kana da 'ya? Shekara nawa kana jan motarsu, ko ƙwarzane ba ka taɓa yi mata ba. Je ka ka faɗa musu. In sun kore ka, albashina yana sayen masara."

Ya ce in ba shi lokaci, zai nemi ranar da kafil yake cikin walwala. Na san wannan ranar. Ita ce dai ranar da yake cewa zai dawo gida gaba ɗaya.

Mako bai zagayo ba abin da Hajiya ta hango ya iso. Tsohuwa ba ta yi wasa da maganar ba. Ta ga mace mai ilimi ba miji, ga mai gonarta da matarsa ta rasu shekarun baya, sai ta ga lada a ƙasa tana jiran mai ɗauka. Dattijon ya nemi maigidana a waya ya ce yana so ya zo gaisuwa inda ƙanwarsa ta sauka. Shi kuma gogan, maimakon ya kashe maganar tun a waya, sai ya ce to.

Dattijon ya zo bayan la'asar ran Juma'a, cikin shuɗiyar shadda da ta sha guga, da kwalin dabino na gonar da kwalbar turare. Ni da Hajiya muna ɗaki, labule kaɗai ya raba mu da falo. Ta riƙe mini hannu ta ce kada in kuskura in fita, in bar shi ya sha abin da ya dama. Suka gaisa, suka taɓa zancen zafi da na damina a gida. Sannan dattijon ya gyara zama.

"Malam, ni ba yaro ba ne, ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Iri na zo nema a gidanku. Iyalina ta rasu, 'ya'yana sun girma suna Damagaram. Ina da gida can, ina da gona. Na ga ƙanwarka, na ga natsuwarta. In babu maganar wani, a ba ni izini in nemi yardarta. In da maganar wani kuma, Allah ya sa haka ya fi alheri."

Wallahi tunda nake ba a taɓa neman aurena da ladabi irin wannan ba, har shi wanda ya aure ni. Na ji kunya ta rufe ni, na ji tausayin bawan Allahn nan da aka sa ya yi wanka ya shafa turare a banza. Na kasa kunne. Falon nan babu Balarabe ko ɗaya. Hausawa biyu ne, dukansu 'yan ci-rani, ƙofa a rufe. In akwai wurin da mutum zai ce "matata ce" a duk faɗin Riyad, to nan ne.

Sai maigidana ya ce, "Ai Baba, sai dai haƙuri. Tana da miji."

"Subhanallahi! Amma a gabana ka ce wa tsohuwa lissa."

"Ban so dogon bayani ba ne."

"Yana ina, mijin?"

"Yana... ya tafi nema. Yana ƙasar waje."

Dattijon ya yi ta istigfari. Ya ce shi da girmansa ya nemi aure cikin aure, ya ɗaga ido ya dubi matar wani. "Don Allah, Malam, in kun yi waya ka roƙa mini shi gafara. Ka ce masa ban sani ba. Dabinon nan a kai masa, kada a ce a mayar mini."

"Ba komai, Baba. Zan gaya masa."

Ban sani ba ko dattijon ya gane. Da zai fita na ji ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa, ya ce a hankali, "Mu masu nema, Allah ya sa mu san abin da muka fito nema." Hajiya ta saki hannuna. Sai a lokacin na ga shatin farcena a tafin hannunta.

Ban yi masa faɗa ba ranar. Faɗan ya ƙare mini. Na fito na wuce shi a falo, na ɗauki kwalin dabinon na kai ɗaki na sa a jakata, tunda na mijina ne, kuma ni ce zan riga kowa zuwa gidansa. Ya yi ta magana a bayana, wai ai yanzu ya gyara rabi, saura rabi. Sauran kwanakin na yi su ina taya Hajiya girki. Ta so ta yi mana sulhu, ta ce namiji a ƙasar mutane kamar kaza ce a gidan baƙi, da ƙafa ɗaya take tsayawa. Na ce na yarda, Hajiya, amma ko kaza in shaho ya sauko takan buɗe fiffike a kan 'ya'yanta.

Ranar komawata da hantsi ya zo da baƙar motar. Wannan karon da kaina na buɗe ƙofar baya. Da muka isa Aziziya ya sauke jakata, ya kai ta cikin bas, ya dawo ya tsaya a gabana yana murza makulli. Idonsa ya yi ja. Ya ce in gaishe da yarinya, in ce mata Baba yana nan tafe.

Na ce, "Yaya."

Ya ɗago a firgice, don ban taɓa kiransa haka ba.

"Tunda kai kake waya da mijina, ga nawa saƙon, ka haɗa da na dattijo. Ka ce masa 'yarsa kullum sai ta nuna wa ƙawayenta hotonsa ta ce ga babanta, ba ta taɓa cewa kawunta ne ba. Ka ce masa ni ma duk inda na shiga da sunansa nake shiga. Ba na neman ya dawo gobe, ba na neman ƙarin ko sisi. Ya buɗe baki a gidan da yake aiki ya ce yana da mata da 'ya. Ran da ya faɗa, ya kira ni, zan ɗauka. Kafin nan kada ya wahalar da kansa."

Hawaye suka zubo masa. Ya matso, ya buɗe baki, na ga kalmar "matata" ta taho har leɓensa. Na tsaya, ƙafata ɗaya a kan matakalar bas, mutane suna turmutsutsu a bayana, ina jira. Tasha ce cike da Pakistanawa da Sudanawa da Misirawa, kowa yana fama da kayansa, babu wanda ya san shi, babu mai jin Hausa. Amma kafin ya yi magana sai da ya waiga dama, ya waiga hagu, ya duba ko akwai mai ji.

Ban jira sauran ba, na hau.